Birkin Motar Lantarki da Tatsuniyar Feda Ɗaya

Daga cikin kalaman da dillalan motocin lantarki suka fi jin daɗin furtawa akwai cewa motar ba ta cin birki, cewa direba zai iya wuni yana tuƙi bai taɓa fedar birki ba, har ma da cewa duk sa'ad da motar ta rage gudu caji take yi wa kanta. Kowanne daga cikin kalaman nan yana da ƙwayar gaskiya a cikinsa, kuma a nan haɗarinsu yake, domin ƙaryar da aka cuɗa da gaskiya ta fi saurin shiga kunne. Mai saye yakan baro wurin dillali da tunanin cewa birkin da ya sani tun yana yaro ya zama tsohon yayi, wani abu da aka bari a jikin motar don kawai a cika sharaɗin hukuma. Wannan tunani kuskure ne, kuma irin kuskuren da akan biya da rai, wani lokaci ma ran wanda ke tafiya a gefen titi bai san hawa ba bai san sauka ba.

A motar lantarki birki iri biyu ne ke aiki a ƙarƙashin ƙafar direba. Akwai birkin mayar da wuta, wanda injin motar ke yi, aikinsa kuwa tattalin caji ne. Akwai kuma birkin guga, wanda aka gada daga motar fetur, kuma shi ne ke tsayar da mota ranar da yaro ya faɗo titi a guje. Na farkon yana aiki ne bisa sharuɗɗan da direba ba shi da iko a kansu, sau da yawa ma bai san da su ba. Na biyun ba ya gindaya sharaɗi, illa dai a kula da shi. Tallar da ake yi wa motocin nan ta ɗaukaka na farko har ta sa ana sakaci da na biyu, alhali rai a hannun na biyun yake.

Inda gudu yake tafiya idan mota ta tsaya

Mota mai gudu tana ɗauke da makamashi, kuma ba za ta tsaya ba sai an raba ta da shi. Yawansa ya dogara ne ga nauyin motar da kuma gudunta, sai dai gudun ya fi tasiri nesa ba kusa ba: idan aka ninka gudu sau biyu, makamashin ya ninku sau huɗu. Motar da nauyinta ya kai kilo 2,000, wanda ba baƙon abu ba ne ga motocin lantarki saboda nauyin batir, idan tana gudun kilomita 100 a awa, tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan kilowat-awa 0.21, wato kashi ɗaya cikin biyar na yunit ɗaya na mitar wutar gida. Wannan adadi zai iya tafasa ruwa kusan lita biyu da rabi.

A motar fetur duk wannan makamashi zafi yake komawa. Direba ya taka feda, fedar ta tura man birki cikin ƙananan bututu zuwa kowace taya, man ya matsa wani awartaki da ke rungume da faifan ƙarfe mai juyawa tare da tayar, takalman birki da ke cikin awartakin su damƙi faifan, guga ta haifar da zafi, iska ta kwashe zafin. Fetur ɗin da aka ƙona don a kai ga wannan gudu ya tafi ke nan har abada. Duk wanda ya taɓa jin ƙaurin birkin babbar mota a ƙarshen dogon gangare ya shaƙi wannan asara da hancinsa.

Motar lantarki tana da wata hanyar. Injin lantarki da janareta a asali na'ura ɗaya ce, bambancinsu shi ne wa ke tura wa. Idan aka ba na'urar wuta, filin maganaɗisun da ke cikinta ya juya sandarta, sandar ta juya taya. Idan kuwa taya ce ke juya sandar, na'urar ta koma mai samar da wuta, kuma a yayin da take samar da wutar tana turjiya ga abin da ke juya ta. Wannan turjiya ita ce birkin. Inbatar motar, wadda ke tsakanin batir da inji, ita ce ke sauya alƙiblar wutar cikin ƙiftawar ido, ta daidaita ta, ta mayar da ita cikin batir. Babu ƙarfen da ya gogi ƙarfe, babu takalmin da ya cinye.

Dabarar ta girmi motocin da ake tallarta da su. Tun a 1915 jiragen ƙasan lantarki na kamfanin Milwaukee Road a Amurka suke amfani da ita wajen saukowa daga duwatsun jihar Montana, inda jirgin da ke gangarowa yake mayar da wuta cikin layi don amfanin wanda ke hawa. Toyota Prius ce ta shigo da ita hannun jama'a da yawa daga 1997. Amfaninta kuma tabbatacce ne, musamman a cikin gari inda ake tashi ana tsayawa a kowace danja da kowane shataletale. Kamfanin Porsche ya ce a tuƙin yau da kullum kusan kashi 90 cikin 100 na rage gudun motarsa Taycan injinan lantarki ne ke yi. Ƙurar da takalman birki ke fitarwa tana raguwa, abin da ya sa dokar Euro 7 ta Tarayyar Turai, wadda ta fara sanya iyaka ga wannan ƙura, ta yanke wa motocin lantarki miligiram 3 a kowace kilomita, sauran ƙananan motoci kuwa 7. Mai musun amfanin birkin mayar da wuta yana musun abin da awo ya tabbatar.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Sai dai zancen cewa mota tana caja kanta ba ya tsayuwa da ƙafafunsa idan aka ɗora shi a kan lissafi. Wutar da birki ke mayarwa wuta ce da batir ya riga ya kashe wajen kai motar ga wannan gudu, kuma ba ta dawowa cif. Wani ɓangare ya tafi wajen keta iska da birgimar taya, wani ya zama zafi a cikin inji, da inbata, da batir ɗin kansa. Abin da ke dawowa a yanayi mai kyau yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na makamashin gudun. Ma'ana, tsayawa ɗaya daga kilomita 100 a awa ba ta mayar da wutar da za ta kai motar ko da kilomita ɗaya ba. Direban da ke ƙara gudu don ya samu abin da zai mayar, tamkar ɗan kasuwa ne da ke sayen kaya naira ɗari yana sayarwa saba'in yana murnar ciniki na tafiya.

Masu son kafa hujja sukan kawo labarin wata ƙatuwar tifar lantarki da ke aiki a mahaƙar dutse kusa da garin Biel na ƙasar Siwizalan, wadda aka yi ta yayatawa cewa da wuya take buƙatar caji. Sirrinta a fili yake: tana hawa tudu babu kaya da nauyin tan 45, tana saukowa ɗauke da ƙarin tan 65 na dutse. Dutsen da ke saman tudu shi ne ke biyan kuɗin wutar. Motar da ta hau da nauyinta ta sauko da nauyinta ba ta da irin wannan gata.

Wannan dai asarar kuɗi ce da yaudarar kai. Abin da ya fi shi nauyi shi ne iyakar ƙarfin birkin mayar da wuta a lokacin da ake tsananin buƙatarsa.

Iyaka ta farko ta ƙarfi ce. Motar nan mai kilo 2,000 da ke gudun 100, idan aka yi mata birkin gaggawa a kan busasshen titi, za ta tsaya cikin daƙiƙa uku da ɗan wani abu, a tazarar mita arba'in da 'yan kai. A farkon wannan birki ana zare makamashi daga jikinta da ƙarfin da ya kai kusan kilowat 500. Taycan ta farko, motar tsada da aka ƙera da batir mai jure wuta sosai, tana iya mayar da kilowat 265 ne a ƙoli, wato kusan rabin abin da ake nema. Motocin da yawancin mutane ke iya saye ba su kusanci wannan adadi ba. Faya-fayai huɗu na ƙarfe kuwa suna haɗiye kilowat 500 ɗin nan ba tare da neman izinin kowa ba.

Iyaka ta biyu ta batir ce. Wutar da inji ya samar dole ta samu wurin zuwa, kuma batir ba randa ba ce da ake zuba mata ruwa yadda aka ga dama. Idan ya cika, ba ya karɓa. Idan ya yi sanyi ƙwarai, tura masa wuta da ƙarfi yana sa sinadarin litiyam ya taru a inda bai kamata ba, ya lalata shi. Idan ya ɗau zafi fiye da kima, na'urar da ke tsaronsa takan rage abin da take bari ya shiga. A duk waɗannan halaye motar tana rage birkin mayar da wuta ko ta janye shi gaba ɗaya, kuma abin da take nuna wa direba sau da yawa wata 'yar alama ce a kan allo wadda ba kowa ke lura da ita ba. Mutum ya saba idan ya ɗage ƙafa daga totur motar ta ja baya, yau ya ɗage ya ji ta sulale kamar an sake ta.

A ɗauki matafiyin da ya kwana a Jos, garin da ke bisa tsaunin da ya haura mita 1,200, ya cika batirinsa maƙil da dare saboda tsoron rashin wurin caji a hanya, da safe ya kama hanyar Akwanga ya nufi Hawan Kibo. Kowace mita 100 ta sauka tana sakar wa motarsa makamashin da ya haura rabin yunit, fiye da ninki biyu na abin da ake zarewa a tsayawar gaggawa daga gudun 100. Motar fetur tana da mafita a nan, direba ya sa ƙaramar giya inji ya riƙe ta. Motar lantarki yawanci giya ɗaya gare ta, kuma abin da ke maye gurbin riƙon injin shi ne birkin mayar da wuta, wanda batir mai kusan cika ya rage masa ƙarfi. Abin da injin ya kasa ɗauka ya koma kan faya-fayai da takalman da wataƙila an yi watanni ba a taka su da ƙarfi ba, a ƙarƙashin motar da ta fi takwararta ta fetur nauyi. Wanda zai fara tafiya da dogon gangare, barin sarari a cikin batir shi ne hikima, amma da wuya a ji dillalin da ke faɗa wa mai saye haka.

Iyaka ta uku ta taya ce da titi. Injin yana riƙe tayoyin da yake haɗe da su ne kawai. A motar da injinta ke baya, birkin mayar da wuta a tayoyin baya yake, alhali idan mota na rage gudu nauyinta gaba yake rinjaya, tayoyin baya su yi sako-sako. A kan titi mai santsi, ko mai yashi, ko mai ramuka, tayar baya da ta zame tana iya juya motar. Saboda haka da zarar na'urar ABS mai hana taya ƙullewa ta ji alamar zamewa, motar takan sassauta birkin injin ta miƙa aikin ga birkin guga, wanda ake iya sarrafa shi taya-taya. Haka nan idan gudu ya ragu ya kusa na tafiyar ƙafa, wutar da injin ke iya samarwa ta zama ba ta taka kara ta karya ba, kuma motoci da yawa birkin guga ne ke ƙarasa tsayawar a ɓoye.

Wurin miƙa ragama

Tunda birki biyu ne, tilas a samu mai raba musu aiki, kuma wannan mai rabo manhaja ce. A motocin zamani da yawa fedar birki ba ta tura mai kai tsaye zuwa taya a yanayin aiki na kullum. Na'urar awo ce ke karanta nisan da ƙafa ta taka da saurin takawar, kwamfuta ta lissafa yawan rage gudun da ake so, ta tambayi batir nawa zai karɓa, ta ba inji rabonsa, ragowar ta sa wani ƙaramin injin lantarki ya matsa man birki. Taurin da direba ke ji a ƙarƙashin ƙafarsa ma na kwaikwayo ne, an ƙera shi don ƙafa ta ji abin da ta saba. An bar hanyar mai ta kai tsaye a matsayin madogara idan wuta ta ɗauke, amma a sa'an nan sai an taka da ƙarfin gaske kuma motar ta fi daɗewa kafin ta tsaya. Ko taimakon da injin fetur ke bai wa fedar birki ta hanyar zuƙar iska babu shi a nan, sai an maye gurbinsa da famfon lantarki ko na'ura irin iBooster ta kamfanin Bosch. Duk waɗannan na'urori kuwa a yawancin motoci ƙaramin batir mai bolt 12 ne ke ba su wuta, wanda mai motar kan manta ma yana nan.

Idan rabon aikin ya tafi daidai, direba ba ya jin komai. Tarihin shekaru goma sha biyar da suka wuce ya nuna abin da ke faruwa idan bai tafi daidai ba. A watan Fabrairun 2010 Toyota ta janye motoci sama da 400,000 a faɗin duniya, yawancinsu Prius, saboda direbobi suna jin birki ya ɗan saki na wani ɗan lokaci idan suka taka shi a hankali a kan titi mai gargada ko santsi, daidai lokacin da ABS ke karɓar aiki. Gyaran na manhaja ne. A watan Mayun 2018 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada Tesla Model 3 ta ga tana buƙatar kimanin mita 46 kafin ta tsaya daga gudun kilomita 97 a awa, tazarar da ta fi ta ƙatuwar a-kori-kura Ford F-150. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya aika wa motocin sabuwar manhaja ta intanet, tazarar ta ragu da kusan mita shida, ba tare da an kwance ko da noti ɗaya ba. An yaba wa kamfanin, kuma ya cancanci yabo a kan saurin gyara. Sai dai labarin yana da fuska ta biyu: abin da saƙon intanet zai iya gyarawa, saƙon intanet zai iya ɓatawa.

Hakan kuwa ya faru. A tsakiyar 2025 kamfanin Volvo ya janye motoci fiye da dubu goma a Amurka, masu lantarki zalla da masu haɗa fetur da caji, bayan an gano cewa wata manhaja da aka sabunta musu tana iya sa birki ya ɗauke gaba ɗaya idan motar ta yi fiye da minti ɗaya da rabi tana gangarowa a kan birkin mayar da wuta kaɗai, ba a taɓa feda ba. Hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka ta fitar da gargaɗin gaggawa, aka shawarci masu motocin da su kashe tsarin tuƙin feda ɗaya har sai an yi gyara. Kamfanin da ya gina sunansa a kan aminci ke nan, kuma yanayin da ya tona matsalar shi ne ainihin yanayin da ake tallar tsarin da shi, wato dogon gangare ƙafa na hutawa.

Ko a fagen tsere an koyi wannan darasi. Motocin gasar Formula E na zubi na uku, waɗanda suka fara fafatawa a 2023, an ƙera su babu birkin guga na aiki a tayoyin baya, aka dogara ga injuna biyu masu iya mayar da kilowat 600. Bayan haɗurran da aka samu a lokacin gwaji, inda matsalar lantarki ta bar direbobi da ƙarancin abin tsayawa, hukumar gasar ta sa aka ƙara birkin baya na gaggawa tun a farkon kakar. Injiniyoyin da suka fi kowa sanin birkin mayar da wuta ba su yarda su jingina rai gare shi shi kaɗai ba.

Birkin da ake bari ya kwanta

Dillali yana da gaskiya idan ya ce takalman birkin motar lantarki suna daɗewa ba su cinye ba. Abin da bai faɗa ba shi ne cewa cinyewa ba ita kaɗai ce hanyar mutuwar birki ba. Faifan birki ƙarfe ne tsirara, tsatsa tana kama shi cikin dare ɗaya na damina, kuma a motar fetur takawar farko da safe ce ke goge ta. Inda ba a takawa, tsatsar ta zauna ta yi ramuka, takalmi ya daina kama faifai da dukkan fuskarsa, sandunan da awartaki ke zamewa a kansu su bushe su cije. Ƙungiyar TÜV da ke duba lafiyar motoci a Jamus ta sha bayyana cewa lahanin birki yana yawan bayyana a motocin lantarki saboda wannan dalili, har tana ba masu su shawarar su riƙa taka birki da ƙarfi lokaci zuwa lokaci. Tesla da kanta ta rubuta a littafin kula da motocinta cewa a wuraren da ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu a riƙa wanke awartakan birki ana sa musu mai duk shekara ko duk kilomita 20,000. Volkswagen kuwa ta koma ga tsohon birkin ganga a tayoyin bayan ID.3 da ID.4, domin rufaffe ne, ruwa da datti ba sa samunsa da sauƙi, kuma yana jure zaman banza fiye da faifai.

Man birki ma agogonsa daban yake da na takalmi. Yana tsotsar laima daga iska ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha laima ƙa'idar ta yarda ya sauko har 155. Man da ya tafasa tururi ne, tururi kuwa yana matsuwa, feda ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Ranar da wannan zai bayyana ita ce ranar doguwar sauka da cikakken batir, wato ranar da babu mataimaki.

Batun ya shafi masu saye a Nijeriya da Nijar kai tsaye. Motocin lantarki sun fara shigowa, har gwamnatin Jihar Borno ta sa tasi masu lantarki a titunan Maiduguri tun ƙarshen 2023, kuma kamar yadda aka saba, kaso mai yawa na waɗanda ɗaiɗaikun mutane za su mallaka na hannu ne da suka yi shekaru a ƙasashen sanyi. Mai saye zai tambayi lafiyar batir, ya duba allo, ya yi ciniki. Bakanike zai leƙa ya ga takalmi da kauri ya ce birki sabo ne. Kaurin takalmi a wannan mota ba shaidar lafiya ba ne, yana iya zama shaidar cewa birkin ya yi shekaru biyar yana barci cikin ruwan gishiri.

Ƙafar da aka koya wa mantuwa

Saura tuƙin feda ɗaya, wanda BMW i3 ta shahara da shi daga 2013, Nissan kuma ta sa masa suna e-Pedal a motarta Leaf ta 2017. Masu kare shi suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Motar tana fara rage gudu tun daga lokacin da ƙafa ta bar totur, kafin ma ta isa birki, wanda ke rage tazarar tsayawa da ɗan wani abu. Gajiya tana raguwa a cunkoso. Wutar da ake mayarwa ba ta dogara ga gwanintar direba wajen taka birki a hankali ba.

Amma wutar nan ana iya mayar da ita ta fedar birki ma, tunda manhaja ce ke raba aikin. Porsche ta zaɓi haka da gangan: idan an ɗage ƙafa Taycan takan sulale, wanda a buɗaɗɗiyar hanya ya fi tattali domin babu asarar shiga da fita batir, idan kuma aka taka birki injin ne ke fara aiki. Ke nan ribar caji ba ta wajabta feda ɗaya ba. Abin da feda ɗaya ke canzawa shi ne ɗabi'ar ƙafa. Birkin gaggawa ba tunani ke yin sa ba, sabo ne da maimaici ya dasa a jiki, kuma direban da ya yi wata shida yana tsayawa ba tare da ya matsar da ƙafarsa hagu ba yana rage wa wannan sabo kaifi. Ga kuma na bayansa: a 2023 Consumer Reports ta gano cewa wasu motocin Hyundai, Kia da Genesis suna iya rage gudu sosai a tsarin feda ɗaya ba tare da fitilar birki ta kama ba, domin dokar Amurka ba ta tilasta hakan ba, sai daga baya kamfanonin suka ce za su gyara manhajar.

Ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa ƙera motocin lantarki da sayensu, ba za a zarge ta da ƙiyayya ga fasahar ba. Duk da haka sabuwar ƙa'idar birkinta ta 2025, mai lamba GB 21670, ta tanadi cewa a yanayin da mota ke tashi da shi daga masana'anta, ɗage ƙafa daga totur kaɗai ba zai kai ta ga tsayawa cak ba, kuma tilas fitilar birki ta kama da zarar rage gudun ya wuce mita 1.3 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ba a haramta tsarin ba, an dai mayar da shi zaɓin da direba zai kunna da saninsa. Hukuncin ya dace, kuma ya kamata hukumomin ƙasashen da ke shigo da motoci daga can su tabbatar abin da ake aiko musu bai gaza wannan ba.

Abin da ake nema daga kowane ɓangare ba shi da tsada. Dillali ya daina sayar da mota da alkawarin cewa birkinta ba ya buƙatar kulawa, ya nuna wa mai saye alamar da ke bayyana idan birkin mayar da wuta ya ragu. Bakanike ya cire taya ya duba fuskar faifai ciki da waje, ya gwada motsin awartaki, ya auna laimar man birki, ya duba ƙaramin batir, kada kaurin takalmi ya rufe masa ido. Mai motar ya tabbatar an yi mata duk gyaran manhajar da kamfani ya yi kira a kai, musamman idan ta hannu ce da ta bar ƙasar da aka yi kiran. Ya bar sarari a batir idan gangare ne a gabansa. Ya kuma samu miƙaƙƙen titi marar jama'a, sau ɗaya a mako ko makamancin haka, ya duba madubi, ya taka birki da ƙarfi sau biyu ko uku, don faifai ya goge kuma ƙafa ta tuna hanyarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tsakiyar Hawan Kibo ba wurin gano cewa awartakin baya ya cije ba ne.